Taragon da Ya Ƙi Zama a Kan Dogo

Shirin na yau zai kai mu gaban teburin wasu masu gyara waɗanda ba sa shiga ƙarƙashin mota, ba sa baƙi da man inji, kayan aikinsu ma aljihun riga guda zai ɗauke su: matsefata, da 'yar sukundireba irin ta masu gyaran agogo, da gilashin ƙara girman abu. Taragun jirgin ƙasa suke gyarawa, amma irin taragun da mutum zai ɗora ɗaya a tafin hannunsa, a shimfiɗa musu layin dogo a kan tebur, a ba su wutar lantarki su yi ta tafiya kamar na gaske.

A birnin Hambug na ƙasar Jamus, cikin tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa, akwai wani wuri mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Ƙaramin layin dogon da aka shimfiɗa a wurin, in da za a miƙe shi, ya wuce kilomita 15, taragun da ke kansa kuwa sun haura 10,000, kuma kullum ta Allah sai sun yi tafiya tun safe har dare. Abin da ke wahala haka dole ya gaji: ƙafa ta cinye, ƙugiya ta karye, datti ya taru. Saboda haka hannun masu gyara ba ya hutawa a gidan.

Sai dai yawancin wannan gyara a gidajen mutane ake yinsa, a Jamus da Ingila da Amurka da Japan, inda za a ga magidanci ya ware ɗaki sukutum don jiragensa. Taragu da yawa ma gado ne. Kaka ya saya, uba ya yi wasa da su, jika ya tsince su cikin kwali a bayan kaya. Kamfanin Märklin na garin Göppingen tun 1859 yake, Lionel ya soma a birnin New York a 1900, Hornby kuma ya fito da jirginsa na farko a Libaful a 1920. Don haka tarago mai shekara 60 ko 70 ba abin mamaki ba ne a wannan harka, kuma mai shi ba ya son jin an ce a yar a sayi sabo.

Bari a ɗauki tarago guda a bi shi tun daga ciwo har warkewa. Taragon kaya ne na roba, irin mai rufi da ƙofa a gefe, ƙirar kamfanin Athearn na Amurka, daga cikin waɗanda ake sayarwa a shuɗin kwali mutum ya haɗa da kansa. An daina yin irinsu a 2009, amma suna nan jibge a kasuwar kayan hannu. Wanda ya saye shi ya kai gida, ya ɗora a layi, sai ga matsala uku: duk sa'ad da aka zo mararraba, inda layi ya rabu biyu, sai ya goce, in an zo hawa sai ya saki ɗan'uwansa, matakala guda a kusurwarsa kuma ta ɓalle ta ɓace.

Gwanin gyara ba ya fara taɓa gam ko mai. Tambaya yake farawa da ita: wane girma ne wannan, wa ya ƙera shi, kuma yaushe?

Maganar girma ita ce gaba. Girman da ya fi yawa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda aka rage jirgin gaske sau 87. Faɗin layin dogo na zamani, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, milimita 1,435 ne. In aka raba shi gida 87 sai a sami milimita 16.5, wanda shi ne faɗin layin HO daidai. Tsohon dogon da ya iso Kano a 1911 kuwa milimita 1,067 ne, shi ya sa masu kwaikwayon jiragen da ke bin irin wannan faɗi, kamar na Afirka ta Kudu, suke amfani da layi mai milimita 12. Yadda jirgin tsohon layin Kano ba zai hau layin Abuja ba, haka abin yake a kan tebur. Akwai girman N mai layin milimita 9, akwai O mai milimita 32, akwai kuma Z da Märklin ya fito da shi a 1972, mai milimita 6.5, wanda wasu taragunsa ba su kai ɗan yatsa tsawo ba. Wani tarko kuma yana nan a Ingila: jiragensu na OO suna bin layin milimita 16.5 kamar HO, amma jikinsu sau 76 aka rage, ba 87 ba. Wanda ya yi odar ƙofa ko rufi na wannan don ya sa wa wancan, ya yi asarar kuɗinsa.

Sanin maƙerin kuma, kifa taragon ake yi a duba cikinsa. Galibi akan ga sunan kamfani a zube a jikin robar, wani lokaci har da lamba da ƙasar da aka yi shi. Wannan lamba ita ce mabuɗin komai, domin manyan kamfanoni suna da takardar zane ga kowane kaya, inda aka wargaza shi gunduwa-gunduwa aka ba kowane ɗan sukuru da kowace sifirin lambarta. A wajen Hornby, kayan sayarwa da harafin R lambarsu take farawa, safaya kuma yawanci da X. Mutumin da ya je wa mai shago da lamba a hannu, cikin minti biyu an sallame shi. Wanda ya ce "ɗan baƙin abin nan na ƙasa" yake nema, sai su wuni suna kwatance.

Abin da ya sa ma ake iya sa wa taragon wani kamfani ƙafar wani kamfani, aikin wasu mutane ne da suka zauna suka daidaita awo. A 1935 masu wannan sha'awa suka taru a Milwaukee ta Amurka suka kafa ƙungiyar NMRA, saboda a lokacin kayan wannan maƙeri ba sa tafiya da na wancan. Turawan Yurof suka kafa tasu, MOROP, a 1954, da ƙa'idojin da ake kira NEM. Waɗannan takardu ba su da armashin karatu, lambobi ne zalla, amma su ne suka sa taragon da kamfaninsa ya mutu tuntuni yake samun ƙafa sabuwa yau. Daga NMRA ɗin ne aka sami wani ɗan fallen ƙarfe mai tsage-tsage a gefensa, wanda ake gwada ƙafa da layi da shi. Duk teburin gyara na kirki a Amurka ba a rasa shi.

To, ga taragonmu a kife a kan soso mai laushi, don kada kayan samansa su karye. Yana da 'yan kura biyu a ƙarƙashinsa, waɗanda ake kira bogi, kowace da sanda biyu, kowace sanda da ƙafa biyu. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki, wanda shi ke riƙe ta tsakanin dogo. Mai gyara ya zare sandunan ɗaya bayan ɗaya ya sa leɓunan cikin tsagar ma'auni: ta farko ta zauna daram, ta biyu ma haka, ta uku ta ƙi shiga. Ƙafafunta sun matso kusa da juna da abin da bai kai kaurin farce ba. A miƙaƙƙen layi wannan ba ya nuna komai, amma a mararraba, inda leɓen zai bi ta wata siririyar hanya tsakanin ƙarafa biyu, sai ya hau kan ƙarfen ya wuntsila taragon. Tazarar da ake so daga bayan ƙafa zuwa bayan 'yar'uwarta a HO tana wajen milimita 14.4. In ƙafar mai motsi ce a kan sanda, sai a riƙe ta a murɗa a hankali ana ja, ana gwadawa, har ta faɗa tsagar. Sannan a duba fuskar ƙafar. Ƙafafun roba suna tara wani baƙin datti da ke daskarewa har ya zama kamar taya, ya shafe leɓen gaba ɗaya. Tsinken sakace da ɗan sifirit a auduga sun ishe shi.

Mutane da yawa a nan suke yanke shawarar sauya ƙafafun roba da na ƙarfe, kuma shawara ce mai kyau: sun fi gudu, sun fi tsabta, suna ƙara nauyi a ƙasa inda ake bukatarsa, ga kuma wannan ƙara ta ƙas-ƙas a mahaɗar dogo da ke faranta wa mai jirgi rai. Amma nan ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi. Tsawon sanda ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ta yi tsawo ta cije, in ta yi gajarta ta yi lilo, don haka sai an auna tsohuwar kafin a yi oda. Girman ƙafa ma iri biyu ne a taragun Amurka, mai kwaikwayon inci 33 na yawancin tsofaffin taragun kaya, da mai inci 36 na manyan taragu da na fasinja. Babbar magana kuwa ita ce ta wuta. A yawancin jirage, wuta ta dogo ɗaya take shiga ta fita ta ɗayan, saboda haka dole a raba ƙafar dama da ta hagu da 'yar roba a gindin sanda. Shi kuwa Märklin, tsarinsa na HO daban ne: wuta ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi take zuwa, dogayen biyu kuma abu ɗaya ne, don haka ƙafafunsa ba a raba su ba. In aka ɗora taragon Märklin a layin wani kamfani yadda yake, nan take wuta za ta haɗu, komai ya tsaya cak. Sauya sandunan kawai ake yi, magana ta ƙare. Tsofaffin taragun Yurof kuma suna da leɓe mai zurfi, wanda ke bugun ƙusoshin katako a siraran layukan zamani har a ji taragon yana kakkarwa. Su ma sabuwar ƙafa ce maganinsu.

Kafin a mayar da bogi, akwai dabara guda da tsofaffin hannu suke koya wa sababbi. Ba a ɗaure sukurori biyun daidai wa daida. Ɗaya a ɗaure shi yadda bogin zai juya hagu da dama kawai, ɗayan a ɗan sassauta yadda zai juya kuma ya yi ɗan rangaji. Ta haka taragon ba ya girgiza, kuma ƙafafunsa takwas suna taɓa dogo ko da layin bai kwanta sumul ba. In ramin sukurun ya lalace har ba ya kamawa, sai a cusa masa guntun sandar roba da gam, a bari ya kwana, a sake huda shi da siririn bakin huji, a yanka masa zare. Sukurun da Amurkawa suka saba da shi a nan ana kiransa 2-56.

Saura ƙugiya, wadda ita ce ta fi kowane sashe cin ran masu jirgi. A jirgin gaske na Amurka, ƙugiyar da ke kama da hannu biyu da suka sarƙe yatsu, Eli Janney ne ya yi mata rajista a 1873. A kan tebur kuwa kowa da irin tasa: Ingila da mai maratayi da sanda, girman N da mai kan murabba'i da kamfanin Arnold na Nurembag ya yaɗa, Amurka kuma ta daɗe da wata ta roba mai ƙaho wadda take tura tarago gefe in ana ja da baya. Wasu tagwayen ne kuma, Keith da Dale Edwards, suka kawo wadda ta zama abin koyi. Daga harufan farko na sunayensu aka sami sunan kamfanin Kadee, wanda yake jihar Oregon. Ƙugiyarsu ta ƙarfe ce mai siffar ta gaske, da wata lanƙwasasshiyar waya a ƙasanta. In tarago ya tsaya a kan maganaɗisun da aka ɓoye a layi, sai wayar ta karkata gefe ƙugiyar ta buɗe ba tare da an sa hannu ba. A Yurof kuma ƙa'ida mai lamba NEM 362 ta kawo sauƙi babba: wani ɗan aljihu ne mai awo ɗaya a ƙarƙashin tarago, a zare wannan ƙugiya a soka waccan.

Taragonmu yana sakin ɗan'uwansa ne saboda ƙugiyarsa ta sunkuya. Tsakiyarta ya kamata ta kasance kusan milimita 10 daga saman dogo, kuma akwai ma'aunin da ake ɗorawa a layi a turo tarago ya sumbace shi, a ga ko sun yi kai ɗaya. A taragun shuɗin kwali, laifin sau da yawa na wani ɗan murfin ƙarfe ne da ke riƙe ƙugiyar, wanda yake buɗewa da tsufa. A matse shi da filaya ya koma. Wani lokaci kuma fallen ƙarfen da aka shimfiɗa a ciki don nauyi ne ya lanƙwashe ya ja gindin taragon, sai an cire shi an miƙe. In duk da haka ƙugiyar tana ƙasa, sai a sa washa tsakanin bogi da jiki. Kadee yana yin ja mai kaurin kusan milimita 0.4, da ruwan toka mai 0.25.

Akwai kuma sifirin ɗin da ke rufe bakin ƙugiyar. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ta. Mai gyara zai soka bakin siririyar wuƙa tsakanin zobbanta na ƙarshe, ya riƙe numfashi, ya saƙala kai ɗaya a ɗan ƙurjin da aka yi mata, ya matse ta a hankali don ɗaya kan ya hau nasa. Hannu na ɗan rawa, sai a ji tsit, ta yi tsalle ta bar ɗakin. Ba a ganinta kuma. Shi ya sa wasu suke zura zare ta cikinta kafin su fara, in ta zauna su zare shi a hankali; wasu kuma su sa hannu da tarago cikin farar leda su yi aikin a ciki. Kamfanin da kansa yakan ƙara 'yan rara a cikin fakiti. Bayan an gama, ba a ɗiga wa ƙugiya mai, domin mai yana kama ƙura ya zama danƙo. Garin baƙin fensir ake busa mata.

Nauyi ba ya bukatar dogon bayani. Shawarar NMRA a girman HO ita ce oza 1, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Mai inci 6 ke nan zai kai oza 4, wajen giram 113. Tarago mara nauyi in ya shiga tsakanin masu nauyi, a kwana ake fizge shi daga layi. Noti ko kwabbai da aka manne a ƙasa, a tsakiya, sun wadatar. Masu sa darma su wanke hannu, kuma su nisanta ta daga yara.

Matakalar da ta ɓace, ba sai an nemi irinta ba. A yanke kututturen da ya rage, a huda ramuka biyu da bakin huji mai kaurin gashin doki wanda ake juyawa da yatsu, a lanƙwasa siririyar wayar tagulla, a soka, a shafa fenti. Ta fi ta asali ƙarfi. Gam dai sai an san robar da ake hulɗa da ita. Jikin yawancin taragu ana haɗa shi da wani ruwa da ke narkar da fuskar robar har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kuma ɗigo guda a bakin buroshi ya isa. Baƙar roba mai santsi ta bogi da ƙugiya kuwa ba ta jin gam, sai sukuru ko sauyi. Sufa gulu yana da amfani wajen haɗa ƙarfe da roba, amma kada a kusantar da shi ga tagogin taragon fasinja, domin tururinsa yana bar musu farin hazo. Farin gam na ruwa, mai bushewa garau, shi ne na taga. Wajen wanki ma a yi hattara: a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, saboda rubutun wasu tsofaffin taragu ruwa kaɗai yana iya ɗauke shi.

Akwai ciwon da ba shi da magani, kuma ya kamata mai saye ya san fuskarsa. Sassa da yawa na tsofaffin jirage, ƙafafu da bogi da gindi, da wani haɗin ƙarfe aka zuba su wanda yawancinsa tutiya ce, da alminiyam kamar kashi 4 cikin 100 da ɗan wasu ƙarafa. Amurkawa suna ce masa zamak, Ingilishi mazak. In darma ko kuza ta gurɓata haɗin tun a tukunya, ko da 'yar mitsitsiya ce, to an shuka cutar. Shekaru za su wuce ba a ga komai ba, sannan ƙarfen ya fara kumbura daga ciki, fuskarsa ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ƙafa ta cika ta ƙi juyawa, gindi ya lanƙwashe har ya fasa jikin da ke kansa. Ƙarshenta a taɓa shi ya marmashe. Laima tana gaggauta abin. Jamusawa suna kiransa annobar tutiya, kuma ya fi kama kayan shekarun 1930 zuwa 1950, ko da yake ya sake ɓulla a wasu jiragen da aka ƙera bayan 2000. Gam yana iya riƙe gutsattsarin na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da cutar. Sai dai a nemo wani sashen. Haka ma taragun farko na Tri-ang a Ingila, na farkon shekarun 1950, da wata roba aka yi su wadda take tanƙwarewa da tsufa har taragon ya koma kamar ayaba.

To ina ake samun safayar? In kamfanin yana raye kuma kayan bai tsufa ba, wajensa ake fara zuwa. Kato na Japan yakan fitar da sassan jirgi a ƙananan ledoji a daidai lokacin da ya ƙera jirgin, kuma in sun ƙare sai wani zubin, saboda haka masu lura suna saye su ajiye tun kafin bukata ta taso. A Amurka akwai Walthers na Milwaukee, tun 1932, wanda ƙaton kundin kayansa ya daɗe yana zama madubin masu wannan sha'awa. A Ingila akwai shagon Peters Spares a Middlesbrough, wanda har sababbin sassa yake sa a ƙera wa tsofaffin jirage. Amma kamfani ba dutse ba ne. Lima na Italiya ya durƙushe, Hornby ya sayi sunansa tare da Rivarossi da Jouef da Arnold a 2004. Märklin kansa ya shiga hannun masu bin bashi a 2009, shekarar da ya cika 150, kafin sababbin masu shi su karɓe shi a 2013. Shagon Hattons, da aka kafa a Libaful a 1946, ya rufe a 2024. Duk lokacin da irin haka ta faru, wasu sassa sukan yi ɓatan dabo, wasu kuma su ɓullo a inda ba a zata ba. Labarin da masu Lionel ba sa mantawa shi ne na Madison Hardware, wani shago a titi na 23 a Manhattan, wanda ya shafe shekaru yana sayen ragowar kayan masana'antar yana tarawa. Da aka rufe shi a 1989, Richard Kughn, mai Lionel a lokacin, ya saye kayan kaf ya kwashe su zuwa Detroit, kuma sassan da aka ƙera tun zamanin kakanni suka ci gaba da shiga hannun masu gyara fil a ledarsu.

Ga talaka mai jirgi kuwa, babbar ma'ajiyar safaya ita ce wani mataccen tarago. Da tsohuwar zuma ake magani. A garin York na jihar Pennsylvania, reshen ƙungiyar masu tara jirage ta TCA, wadda aka kafa a 1954, yana cin kasuwa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba. A irin wannan kasuwa, gwanaye ba saman tebur kaɗai suke dubawa ba. Durƙusawa suke yi su jawo kwalin tarkacen da ke ƙarƙashi, inda za a sami tarago mai fasasshen rufi amma bogi lafiya lau, a kuɗin da bai kai na bogin shi kaɗai ba. Biyu matattu su tashi ɗaya rayayye. Yanzu kuma ga injin da ke zuba abu daga zanen kwamfuta: mutum ya auna ƙofar da ta rage, ya zana, a fitar masa da 'yar'uwarta. Wannan hanya ta ceto taragu masu yawa, duk da cewa ita ma ta girgiza a 2024 lokacin da kamfanin Shapeways, inda masu zane da yawa suka ajiye hajarsu, ya karye. Wanda ya zana sashe, ya riƙe zanensa a hannunsa.

Gyara yana da amana a cikinsa. Taragon da ake wasa da shi, a yi masa duk abin da zai sa ya yi tafiya. Amma tsohon kaya mai daraja, fentinsa na asali ko da ya kankare ya fi sabon fenti kuɗi a idon masu tarawa, kuma TCA tana bukatar a sa alama a kan duk abin da aka sake wa fenti kafin a kasa shi. Wanda ya sauya wani sashe, kyautawa ita ce ya ƙulle tsohon a leda ya ajiye cikin kwalin, ya kuma gaya wa mai saye gaskiya.

Gargaɗi guda ga wanda irin wannan jirgi ya faɗo hannunsa a nan, ko cikin kayan gwanjo ko tsarabar wani matafiyi. Taransifomar jiragen Amurka don wuta mai ƙarfin 120 aka yi ta, tamu kuwa 230 ce. In aka soka ta kai tsaye za ta ƙone, tana ma iya tayar da gobara. Tsohuwar taransifoma mai busasshiyar waya, ko daga ina take, a kai wa mai gyaran lantarki ya duba kafin yaro ya taɓa. Kuma kada a bar taragun roba a rana ko cikin mota a rufe, domin zafinmu yana tanƙwara su.

Taragonmu dai ya koma kan ƙafafunsa. Mai gyara ya ɗora shi a guntun layi, ya ɗaga kai ɗaya kaɗan, ya sake shi: ya gangara shiru, ba cijewa ba rangaji. Ya turo shi ga ma'aunin ƙugiya ta gaba da ta baya, duka sun yi kai ɗaya, wayar ƙasa kuma ta wuce ba ta taɓa komai ba. Gwaji na ƙarshe shi ne mai wuya. Sai ya sa shi a tsakiyar taragu goma, ya sa kan jirgi ya turo su da baya, a hankali, ta cikin mararrabar nan da ta saba kayar da shi. Ƙafa ta farko ta shiga, ta biyu ta bi, ta uku da aka gyara ta wuce sumul. Ya juya taragon ya sake, sau uku. Sannan ya ɗauki fensir ya rubuta a jikin shuɗin kwalin ranar da aka yi gyaran, da tsawon sandar da ta dace da shi, da launin washar da ya sa.